TSAKANIN ƘARYA DA MANTUWA

Wannan makon sai ku yi mini uzuri, ba ci gaban labarinmu na zo muku da shi ba. Wata magana ce ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, na ga gara in amayar da ita kowa ya ji, in ya so masu ilimin cikinku su ɗora daga inda na tsaya.

Ku lura da yadda Bahaushe yake faɗin mantuwa. Yakan ce na manta, amma sau da yawa cewa yake yi "sunan ya kwanta mini," ko "abin ya shige mini," ko "ya ɓace mini." In kuma abin ya dawo sai ka ji ya ce "yauwa, yanzu ya faɗo mini." Wato a bakin Bahaushe abin da ke cikin kai kamar wani mai rai ne, yakan kwanta, yakan tashi, yakan fita yawo ya dawo. Ni kam na fi gamsuwa da wannan fahimtar a kan ta 'yan zamani masu cewa ƙwaƙwalwa kamar memorin waya take, wai abin da ka ɗauka shi za ka kunna ka gani. Ai wanda ya fita yawo ba lallai ne ya dawo da rigar da ya fita da ita ba.

Aikin rubutu ne ya fara jefa ni cikin wannan bincike. Akwai wata dabara da littattafanmu na Hausa suka gada daga finafinan Indiya. In labari ya cije, sai a sa jarumi ya yi haɗarin mota, ya farka a asibiti bai san sunansa ba, bai san matarsa ba, wani attajiri ya tsince shi ya aura masa 'yarsa, sai can a littafi na uku ya sake buguwa a ka, komai ya dawo masa tsaf kamar an kunna fitila. Na so in sa irin wannan larura a wani labari, sai na ce bari in fara sanin yadda take a zahiri. Na shiga tambayar ma'aikatan asibiti, ina kuma lalube a intanet da ɗan Turancina na sakandare, kalma ta gagare ni in nemi fassara. Abin da na tarar ya sha bamban da abin da muke rubutawa.

Mutumin da likitoci suka fi koyon wannan ilimi a kansa wani Ba'amurke ne mai suna Henry Molaison. Farfaɗiya ce ta addabe shi tun yana yaro har ta kai ta hana shi aiki, sai a shekarar 1953, yana ɗan shekara 27, wani likita mai suna William Scoville ya yi masa aiki a garin Hartford. Ya cire masa wani sashe na ƙwaƙwalwa dama da hagu, can ciki saitin kunnuwa, har da wani ɗan abu mai lanƙwasa da likitoci ke kira hifokamfus. Farfaɗiyar ta yi sauƙi. Ya farka ya san sunansa, ya san iyayensa, yana hira garau, yana ba da labarin ƙuruciyarsa. Sai dai daga ranar nan sabon abu ya daina zama masa a kai. Ka shigo ku gaisa ku yi hira, ka fita ka dawo bayan 'yan mintoci, sai ya tarbe ka tarbar baƙon da bai taɓa gani ba. Haka bawan Allahn nan ya rayu shekara 55, har ya mutu a 2008. Wata mai bincike, Suzanne Corkin, ta shafe fiye da shekara 40 tana aiki da shi, amma iyakar abin da yake iya cewa game da ita shi ne kamar ya san ta tun suna sakandare, alhali ba su taɓa yin makaranta tare ba. Masu kallon Indiya za su tuna Ghajini na Aamir Khan, wanda ya fito a 2008. Duk da doke-doken da aka cika shi da su, larurar jarumin ta fi kusa da gaskiya a kan tamu ta attajiri da 'yarsa.

Ga abin mamakin. Wata malama daga Kanada, Brenda Milner, ta ba Henry aikin bin zanen tauraro da fensir, amma ba ya ganin hannunsa sai ta cikin madubi. Aiki ne mai wuya, don madubi juya maka komai yake yi. Kwana uku yana yi, kullum hannunsa ƙara faɗawa yake, amma kullum aka kawo takardar sai ya ce shi bai taɓa yin wannan aikin ba. Hannu ya tuna, mai hannun bai sani ba. Daga nan aka gane ashe tunawa ba ɗaki ɗaya ba ce. Daban inda ake ajiye iya tuƙa tuwo da hawa keke, daban inda ake ajiye sanin cewa Kano tana arewa da Zariya, daban kuma inda ake ajiye abin da ya faru a gabanka ranar kaza a wuri kaza. Wannan na ƙarshen shi ya fi saurin gurɓata, kuma a kansa muka fi yawan rantsuwa.

To larurar Henry ta mutum ɗaya ce cikin dubban dubbai. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne abin da ke faruwa da masu cikakkiyar lafiya, kuma a nan ba sai na je Amurka neman misali ba, a cikin gidanmu aka yi shi.

Kakanmu na wajen uba, wanda kowa ke kira Malam, yana da wata gona a bakin rafi bayan garinmu. Da mijin Gwaggo ya rasu ya bar ta da marayu huɗu, ta dawo gida, sai wata rana a tsakar gida Malam ya yi magana a kan gonar nan. Wajen 1988 ke nan. Mutum huɗu ne a wurin: shi, da kakarmu, da Gwaggo, da ƙaninta Baffa, wanda su a gida suke kira Tanko don shi ne namijin da ya biyo bayan mata. Mahaifinmu yana Legas a lokacin. Gwaggo ta riƙa sa 'yan ƙodago suna noma mata, dawa da gyaɗa da damina, da rani kuma a yi lambu. Malam ya rasu, kakarmu ta bi shi, aka raba gida da sauran gonaki, babu wanda ya ɗaga maganar ta bakin rafi don a lokacin ba ta kai a yi baki a kanta ba. Sai a 2006 gari ya cimma gonar, masu yanka filaye suka zo da tayin kuɗin da babu wanda ya taɓa riƙe irinsu a danginmu.

Baffa ya same ta ya ce, "Yaya, ai kin san aro Malam ya ba ki. Cewa ya yi ki riƙa ci kafin yaran nan su tasa. To ga shi sun tasa, wasu har da iyali."

Ta dube shi ta ce, "Tanko, ka ji tsoron Allah. Kana zaune a bakin rijiya ya ce na ba ki gonar nan halak malak, ke da marayunki."

Ni a lokacin ina ɗakin mijina, in na zo gida in ji ta bakin wannan in ji ta bakin wancan. Abin da na lura da shi, wataƙila kuma kunnen marubuci ne ya sa na lura, shi ne labarin kowannensu ƙara ƙiba yake yi. A shekarar farko Gwaggo ba ta ambaci lokaci ba. A ta uku ya zama bayan la'asar ne, Malam yana riƙe da buta. Can gaba har ya zama sau uku ya maimaita, sannan ya juya ya ce wa kakarmu ki shaida. Shi kuwa Baffa nasa bayan magariba ne ana cin tuwo, kuma daga baya ya tuno har Malam ya ɗaga yatsa ya ce ban da sayarwa. Kowannensu in yana faɗa za ka ga idonsa yana kallon wurin, ba alamar kame-kame irin ta mai shirya zance. Kuma wallahi duk su biyun mutanen kirki ne. Gwaggo ba a taɓa jin ta ci ƙwandalar wani ba, Baffa kuwa shi ake ba ajiyar kuɗin masallaci.

Shekara tara suka yi suna gaba. An riga an kai kuɗin gaisuwar autar Gwaggo ga ɗan Baffa, yaran suna son juna tun suna ƙanana, aka mayar da kuɗin, kowa ya auri bare. Daga ƙarshe dagaci da liman suka zaunar da su, aka raba gonar biyu, rabi nata, rabi ya shiga gado. Kowa ya karɓi rabonsa amma babu wanda ya huce, don ba gonar ce ke cin su ba. Kowannensu ya tashi daga wurin da yaƙinin cewa ɗan uwansa ciki ɗaya ya dube shi ido cikin ido ya shara ƙarya saboda abin duniya. Mutanen gari ma sun rabu biyu, kowa na tambayar wane ne maƙaryacin a cikinsu. Ban ji mutum ɗaya da ya kawo cewa mai yiwuwa babu shi ba.

Ni yanzu abin da na tsaya a kai ke nan, babu shi. Ku biyo ni ku ji dalilina.

Ranar 28 ga Janairun 1986 kumbon Amurka mai suna Challenger ya tarwatse jim kaɗan bayan tashinsa, mutum bakwai da ke ciki suka hallaka, ana ta nunawa a talabijin. Washegari wani malami a Jami'ar Emory, Ulric Neisser, ya sa aka raba wa ɗalibai takarda, kowa ya rubuta inda yake lokacin da ya ji labarin, da abin da yake yi, da wanda ya gaya masa. Aka adana takardun. Bayan kusan shekara uku aka nemo 44 daga cikinsu aka sake yi musu tambayoyin nan. Mutum 11 a ciki ba su dace da ko abu ɗaya daga abin da suka rubuta da hannunsu ba. Akwai wadda ta rubuta cewa a aji ta ji daga bakin mutane, yanzu kuma ta ce a ɗakin kwananta take tana kallon talabijin. Da aka tambaye su ko sun tabbata, yawancinsu suka ce ƙwarai kuwa. Aka fito musu da tsofaffin takardun, suka yarda rubutunsu ne, amma tsohon bai dawo ba, sabon da ke kansu shi suke gani. Waɗannan yara ba su da gona a cikin maganar, ba su da abin da za su ci in sun canza zance. Shekara uku ce kacal, a kan abin da ya girgiza ƙasarsu baki ɗaya. Ina ga shekara 18 a kan maganar tsakar gida?

Me ke jawo haka? A shekarar 2000 wasu masu bincike a Jami'ar New York, Karim Nader da abokan aikinsa, sun koya wa ɓeraye tsoron wani sauti, ta hanyar haɗa shi da ɗan jan lantarki a ƙafa. Bayan tsoron ya zauna, sai su kunna sautin, ɓera ya tuna, nan take su zuba masa wani magani a ƙwaƙwalwa mai hana ta ƙera sinadaran da take ginin ajiya da su. Washegari sai a ga tsoron ya dushe. In kuwa aka ba shi maganin ba tare da an tuna masa ba, tsoron yana nan daram. Ma'ana a daidai lokacin da aka tuno abu yakan jiƙe ya yi laushi, sai an sake gina shi kafin ya koma ma'ajiya. Ɓera dai ba mutum ba ne, amma wanda ya tashi a gidan ƙasa zai gane zancen nan da nan. Duk shekara kafin damina ana yi wa katanga yaɓe. Tana nan inda kakanka ya kafa ta, kowa zai rantse ita ce, amma ƙasar da kake shafawa da hannunka ta bara ce. Labarin da mutum ya fi yawan bayarwa shi ya fi shan yaɓe, shi ne kuma wanda ya fi jin ya tabbata da shi.

Ƙasar yaɓen kuwa, in kun lura, mafi yawanta magana ce, tamu da ta mutanen da ke kewaye da mu. Nan ne harshe ya shigo, kuma nan ne na fi so mu daɗe.

Tun a 1967 wata mai bincike, Jacqueline Sachs, ta sa mutane suna sauraron labari, can sai ta tsayar ta karanta musu jimla guda ta ce, haka aka faɗe ta ko an canza? In an canza ma'anar suna ganewa. In kuwa lafazin aka juya ma'anar tana nan, to kafin minti ɗaya ya cika sun daina bambancewa. Wato kunne yana karɓar magana, ƙwaƙwalwa ta tatse ma'anar da ta fahimta, ta zubar da dusar. Ku gwada da kanku. 'Yar uwa, me maigidanki ya ce miki da safen nan kafin ya fita? Za ki kawo abin da yake nufi, amma kalmomin da za ki jera naki ne, ke kika ɗinka su yanzu. Mu marubuta kuwa sai mu sa jaruma ta yi tagumi ta tuno hirar shekara goma da ta wuce, shafi bakwai cur, har da inda saurayin ya yi murmushi. A takarda kaɗai ake wannan.

Shi ya sa nake ganin tsohon nan magana ya yi irin ta dattawa, wadda ba ta ce kyauta ba, ba ta kuma ce aro ba. Wani abu kamar ga gonar bakin rafi nan, a ciyar da yaran nan. Matar da ta fito daga takaba da marayu huɗu ta ji kyauta. Magajin gida, wanda nauyin kowa ke shirin faɗowa a wuyansa, ya ji aro. Kowa ya ajiye abin da ya fahimta, lafazin ya bi iska tun a daren. Da aka zo neman lafazin bayan shekara 18, sai ƙwaƙwalwar kowa ta ɗinka masa wanda ya yi daidai da ma'anar da ya ajiye, ta sa shi a bakin Malam, da muryar Malam.

Sannan ga masu tambaya. A 1974 Elizabeth Loftus da John Palmer, a Jami'ar Washington, sun nuna wa ɗalibai fim ɗin haɗarin mota, suka tambaye su gudun da motocin ke yi. Kalma ɗaya tak suke canzawa a cikin tambayar. Waɗanda aka ce wa "lokacin da suka ragargaji juna" sun ce sama da mil 40 a awa. Waɗanda aka ce wa "lokacin da suka taɓa juna" suka ce wajen mil 32. Fim ɗaya fa suka kalla. Suka sake gwadawa da wasu, bayan mako guda aka tambaye su ko sun ga fasasshen gilashi. Cikin 50 da aka yi wa tambaya da kalmar ragargaza, 16 suka ce sun gani. Cikin 50 da aka ce wa motocin sun bugi juna, 7 ne kawai. A fim ɗin kuwa babu gilashin da ya fashe. Kalma ce ta fasa shi a cikin kawunansu. Yanzu ku tuna su wa ke zagaye da Gwaggo a shekarun nan. 'Ya'yanta ne, kuma babu mai ce mata, Inna me Malam ya ce? Cewa suke yi, Inna ashe ba halak malak ya ce ba? A can gidan Baffa kuma ana cewa, Alhaji ai ka ce har hana sayarwa ya yi ko? Ba da mugun nufi ba, kowa nasa yake taya wa, amma kowace tambaya curin ƙasa ce.

Inda aka samu giɓi kuma, abin da muka saba da shi muke cusawa. Wani malamin Jami'ar Kambirij a Ingila, Frederic Bartlett, ya fitar da littafi a 1932 a kan haka. Ya ba Turawa wata tatsuniya ta mutanen asali na arewacin Amurka su karanta, bayan kwanaki su sake rubutawa da ka. Sai tatsuniyar ta riƙa gajarcewa tana komawa ta Ingila, farautar wata dabbar teku ta koma kamun kifi, abin da ya yi musu baƙo ya zube ko a nemo masa dalili. Wannan kam na gani da idona. Wata baiwar Allah ta taɓa tare ni a gidan biki tana yi mini faɗa a kan me ya sa na sa uwargida ta zuba wa amarya guba a kunu a wani littafina. Littafin babu guba babu kunu, uwargidan ma ita ce mutuniyar kirkin labarin. Ta rantse ta maya a nan ta karanta. A wurinta kishiya ai sai da guba, ƙwaƙwalwarta ta gyara mini littafi.

Har ma abin da za a iya ba da labarinsa tun farko, kalma tana da hannu a ciki. A ƙasar New Zealand, Gabrielle Simcock da Harlene Hayne sun yi wa yara 'yan shekara biyu zuwa uku wasa da wani akwati, a saka babban abin wasa a juya hannu, ƙarami irinsa ya fito. Suka rubuta kalmomin da kowane yaro ya sani a lokacin. Bayan wata shida ko shekara suka dawo, yaran sun ƙara baki sosai, sun gane hotunan kayan, suna ma iya nuna yadda ake juya akwatin. Amma da aka ce su ba da labari, babu wanda ya yi amfani da kalmar da bai sani ba a ranar wasan, ko da yanzu ya san ta. A 2002 suka fitar da sakamakon. Wannan, haɗe da cewa ƙwaƙwalwar jariri ba ta gama nuna ba, shi ya sa babu mai tuna ranar yayensa. In ka ji wani yana ba da labarin abin da ya yi yana ɗan shekara ɗaya, labarin da aka yi ta ba shi ne ya zama nasa.

Na san wani zai ce, to Hajiya ina kika baro mahaddata? Ga alaramma ya haddace izu 60, ya zauna ya rubuce Alƙur'ani da ka, ko wasali bai goce ba. Gaskiya ne, kuma ni a wurina su ne ma babbar hujjata. Ku dubi wahalar da ake sha kafin a kai nan. Sumuni-sumuni ake ɗorawa a allo, a biya a biya har ya zauna, a kai wa malam ya saurara kafin a wanke. Bayan an sauke ma ba hutu, kullum mutum cikin tilawa yake, in ya yi sakaci na 'yan watanni sai ayoyi masu kama da juna su fara shigar masa cikin juna. Ko a tarawihi za ka ga an tsayar da wani mahaddacin a bayan liman don ya gyara masa in ya sarƙe. Mutanen tsangaya ba su taɓa sakankancewa da ƙwaƙwalwa ba, tsare ta suke yi dare da rana kamar mai kiwon akuya kusa da gonar wani. Lafazin suke maimaitawa ba ma'ana ba, kuma ga mus'hafi a gefe in an yi saɓani. Irin wannan haddar har wani zama take yi na daban a kai. Masu jinyar wanda hawan jini ya shanye wa ɓarin dama sun sani, wani sai ya kasa cewa a ba shi ruwa, kalmar tana ransa ta ƙi fita, amma a ja masa farkon Fatiha sai ya zarce da ita har ƙarshe. Maganar Malam kuwa sau ɗaya aka faɗe ta, ba allo, ba takardar da za a koma a duba, masu gyarawar kuma suna kushewa.

Abin da ya fi burge ni shi ne malaman hadisi sun riga Turawan nan gane bakin zaren da fiye da shekara dubu. Kafin su karɓi ruwayar mutum abu biyu suke dubawa daban-daban, gaskiyarsa da kuma ƙarfin kiyayewarsa. Suna da matsayi na musamman ga mutumin da suka shaida mai gaskiya ne amma haddarsa ba ta da kyau, da kuma wanda ya rikice a ƙarshen rayuwarsa. Abdullahi bn Lahi'a alƙalin Masar ne, babban malami, littattafansa suka ƙone wajen shekara ta 170 bayan hijira, ya koma dogaro da ka. Malamai da yawa suka yi taka-tsantsan da ruwayarsa, wasu suka fi natsuwa da abin da irin su Abdullahi bn Mubarak da Abdullahi bn Wahab suka ɗauko daga gare shi. Ba su ce masa maƙaryaci ba. Sun ajiye maganarsa a gefe, sun bar masa mutuncinsa. Mu kuwa a zaurukanmu da tsakar gidajenmu kwando biyu kawai muke da shi, na mai gaskiya da na maƙaryaci, duk wanda zancensa ya saɓa da namu sai mu jefa shi a na biyun. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma ga mutanen da suka fi mu gaskiya da kaifin hadda. Amma har gobe in ka ce wa ɗan uwanka a rubuta, sai ya ɓata rai ya ce wato ba ka yarda da ni ba ke nan.

Baffa ya rasu a 2019. Bayan sulhun suna gaisawa a wurin suna da ta'aziyya, gaisuwar da ba ta wuce leɓe ba. Gwaggo yanzu ta doshi tamanin, kuma shekara uku ke nan da ruɗewar tsufa ta fara taɓa ta. Wani masanin Faransa, Théodule Ribot, ya rubuta tun 1881 cewa in ƙwaƙwalwa za ta rushe, sabon gini ne ke fara zubewa, tsohon ya saura. Haka muke gani a wurinta. Ba ta san abin da ta ci da safe ba, jikokinta sai an gaya mata sunansu, amma tana lissafa ƙawayenta na dandali ɗaya bayan ɗaya har da sunan iyayensu.

Da ƙaramar salla na je gaishe ta. Na durƙusa na ce, "Gwaggo ina wuni, an yi salla lafiya?" Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Ke 'yar nan, leƙa ki gani ko Tanko ya dawo daga kiwo. Na rufe masa ɗumamensa, kar kaji su ɓarar."

Na tambayi autarta, wadda take jinyarta, ko tana ɗaga maganar gonar. Ta ce rabonta da ambatonta tun bara waccan. Kwanaki ma da za su kai ta asibiti a adaidaita ta wurin suka bi, yanzu duk gidaje ne da shaguna, rafin an yi masa kwalbati. Ta ce Gwaggo ta leƙa ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaye su wane gari ne wannan.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu koma kan labarinmu daga inda muka tsaya.